Gwaji Ya Ce Yaya Ƙalau Take

Yayata gyaran gashi take yi. Ba irin masu ja miki kai har idonki ya koma ƙeya ba, ita idan ta ɗora miki hannu a ka sai ki ji barci yana fizgarki. Shi ya sa a shagonsu ake ce mata Lallausa. Kujerarta ce ta farko, gaban babban madubi, daf da ƙofa. A wannan shagon kujerar gaba ba wasa ba ce, mai ita ce take samun manyan kwastomomi, ita ce fuskar shago, in ji Madam mai wajen. Da wannan kujerar Yaya take riƙe da ni da Umma tun da Baba ya rasu. Ni dai karatu bai karɓe ni ba, ko ni ce ban karɓe shi ba, oho. Ina gida ina taya Umma surutu.

Shekarun baya an taɓa gano mata ciwo. Wai akwai wani ɗan nama a wuyan kowa, tayirod sunansa, nata ya yi lalaci ba ya aiki yadda ya kamata. Aka ɗora ta kan wata ƙwaya 'yar mitsitsiya, kullum da safe kafin ta sa komai a baki. Ta warware sarai, har muka manta da zancen.

Sai abu ya dawo a hankali. Ana zafi kowa yana neman fanka, Yaya tana cikin suwaita da safa. Ta kwana tana barci, ta tashi kamar wadda ta kwana dakan dutse. Abinci ba ta ci sosai amma kaya suna matse ta. Muryarta ta yi kauri, idan ta ɗaga waya sai a ce a ba mai wayar. Ta aike ni kanti, in dawo ta tambaye ni daga ina nake. Abin da ya fi ci mata rai shi ne gashi. Mai gyaran gashi guda, ta taje kai, matajin ya fito cike dam. Har wutsiyar girarta ta gudu. Ta sayi gashin kanti mai tsada ta kifa a kai, ba wanda ya sani sai mu na gida da Madam.

Na raka ta asibiti. Aka ɗebi jini, muka koma karɓar sakamako. Likitan wani mai tabarau ne, ba laifi yana da fara'a, ya kalli takarda ya ce, “Madalla. Komai daidai. Ki ci gaba da maganinki yadda kike sha.”

Yaya ta ce, “To likita, ni fa ban jin daidai.”

“Kina shan wani magani ban da namu?”

“A'a.”

“To ki rage tunani, ki dinga motsa jiki.”

Na ce, “Likita, tun safe har yamma a tsaye take a kan kawunan mutane. Wane motsi kuma, ta dinga tsalle?”

Yaya ta take min ƙafa. Muka fito.

Haka muka yi ta yi. A ɗebi jini, a ce daidai. Mu canza asibiti, a ɗebi jini, a ce daidai. Kowane likita sai ya yi wannan tambayar ta wani magani, ita kuma ta ce a'a, don tsakaninta da Allah ba ta shan komai. Har na fara kallonta ta gefen ido, ina cewa a raina anya matar nan ba ganda take yi ba? Sai kuma in ga ta zauna bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ta rasa ƙarfin sa na biyun, sai kunya ta kama ni.

Umma kuwa kullum da sabon bayani. Yau ta ce ciwon shawara ne, gobe ta ce rashin aure ne.

Yaya ta ce, “Umma, aure yana tsiro da gira?”

“Ke dai yi ki gani.”

To bari in gaya muku yadda shagon yake, don nan maganar take. Madam tana sayar da wata alawar gashi, cikin roba mai murfi, ja-ja mai danƙo, wai tana sa gashi ya cika ya yi tsawo. Dokar shago ce, duk ma'aikaciya sai ta tauna ɗaya a gaban kwastoma, tana yi tana lumshe ido. Madam sai ta nuna kan Yaya ta ce, “Kalli gashin Lallausa, aikin alawar nan ne.” Alhali ta san na kanti ne, ita ta zaɓa mata ma. Yaya kuwa da ta ga nata gashin yana ƙarewa sai ta ɗauki abin da gaske. Sauran suna tauna ɗaya don talla, ita tana watsa cikin tafi a baki, safe da rana, har gida take zuwa da ita. Ni ma ina sata, don wallahi da daɗi.

Ranar da abin ya ɓaci, Yaya ta sa wata hajiya a ƙarƙashin diraya, ta ce bari ta ɗan zauna kafin gashin ya bushe. Ta zauna, barci ya kwashe ta. Hajiya tana ta ɗaga hannu, kunnenta ya yi jawur kamar an gasa. Doguwa, sabuwar ma'aikaciyar da ta daɗe tana haɗiyar yawu kan kujerar gaba, ita ta kashe dirayar, kuma sai da ta tabbatar kowa ya gani.

Madam ta kira Yaya ɗakin ajiyar kaya. Ta ce, “Lallausa, ni ba azzaluma ba ce. Kin ce ba ki da lafiya, duk takardar da kika kawo min ta ce ƙalau kike. Wa zan yarda da shi? Ki kawo min wadda ta ce ciwo gare ki, in ɗaga miki ƙafa har ki warke. In babu, ƙarshen wata Doguwa ta hau kujerar.”

Yaya ta dawo gida ta zauna. Can ta ce min, “Auta, kin taɓa ganin wanda yake addu'a gwajinsa ya fito da ciwo?”

Wata kwastomarta ce ta yi mana kwatancen wata likita da ta ƙware a irin wannan. Da muka kira, aka ce mu zo da duk abin da Yaya take sha a leda. Yaya ta sa ƙwayarta da tsofaffin takardun gwaji, shi ke nan. Ni kuma na jefa robar alawa a jakata don na san zaman layi.

Layin ya yi tsawo, na ci rabi. Muka shiga ina taunawa. Likitar wata 'yar siririya ce, ba ta da gaggawa. Ta taɓa wuyan Yaya, ta duba fatar hannunta, ta sa ta cire gashin kantin. Yaya ta cire tana kallon ƙasa. Likitar ta jera takardun ta yi ta kallo, ta ce, “Jikinki yana faɗar abu ɗaya, takarda tana faɗar wani. Ba wani magani da kike sha ban da ƙwayar nan?”

“Babu, likita.”

Sai ta juyo kaina. “Ke kuma me kike ci tun ɗazu?”

“Alawar gashinta ce.”

“Mu gani.”

Ta juya robar ta karanta ƙananan rubutun baya. Ta ce wa Yaya, “Kina cin wannan?”

“Ina ci.”

“Da yawa?”

Na ce, “Kamar gyaɗa.”

“To ai na tambaye ki.”

Yaya ta ce, “Magani kika ce, likita. Wannan ai kayan shago ne. Kusa da man gashi muke jera ta.”

Likitar ta ajiye biro ta yi mana bayani. Wai akwai wani sinadari a ciki, bayotin, idan ya yi yawa a jini yakan ruɗa wasu injinan gwajin, su nuna lamba ba yadda take ba. Ta ce ba ta yi alkawari shi ne ba, amma Yaya ta ajiye alawar na 'yan kwanaki a sake gwadawa.

Na ce, “Wato alawar ce ta sa mata ciwo.”

“A'a. Ciwon nata ne tun da.”

“To ita ta hana maganin aiki.”

“A'a, ba ruwanta da maganin.”

“To me ta yi?”

“Ta yiwu ta rufe wa injin ido.”

Na kalli Yaya, Yaya ta kalle ni. Abu bai sa ciwo ba, bai hana magani ba, amma shi ya sa muka shekara muna yawo a asibitoci. Har yau idan na zauna in warware wannan sai kaina ya ɗau zafi.

Yaya ta ajiye alawa. A shago takan kai hannu baki kamar ta tauna, ta zura a aljihu. Aka sake ɗibar jini. Wannan karon wata lamba ta fito sama sosai. Na ce to alhamdulillahi ta hau. Likita ta ce ai hawan nata yana nufin ɗan naman wuyan ya sauka. Na ce to a bar ni haka, na gaji. Ta ƙara wa Yaya ƙarfin ƙwaya, ta ce sai an yi makonni kafin ta ji canji, kuma ba lalle duk gajiyar ta tafi ba, don jininta ma ya yi ƙasa, wannan kuma maganarsa daban.

Muka shiga gida Yaya tana ɗaga takarda tana dariya. Umma ta ce, “An ce kin warke?”

“An ce ba ni da lafiya, Umma.”

“Shi ne kike washe baki?”

Washegari na bi ta shago don in ga idon Doguwa. Madam ta karanta takardar, ta rungume Yaya, ta ce, “Ayya Lallausa, ashe da gaske ne. Kujerarki tana nan. Idan kin gaji ki zauna, ba mai ce miki komai.” Doguwa ta shiga goge madubin da ba datti. Na ce shi ke nan, an gama.

Ashe ba a gama ba. Yaya ta koma tauna alawarta ɗaya don talla, tunda likita ta ce ba laifi, ta dai dinga ajiyewa kafin gwaji. Amma duk wadda ta miƙo hannu za ta saya, sai Yaya ta ce, “Hajiya, idan za ki gwajin jini ki gaya wa likita kina cin wannan.” Shi ke nan fa abin da take faɗa. Sai hajiya ta ce, “Me ya sa?” Yaya ta fara bayanin injin da ido, ita ma ba gama ganewa ta yi ba, ta cakuɗa shi. Hajiya ta janye hannu ta ce bari sai wani zuwan.

Madam ta sake kiranta ɗakin kaya, ni ina bakin ƙofa na kawo mata abinci.

“Alawata guba ce?”

“A'a, Madam.”

“Ta sa miki ciwo?”

“A'a.”

“To me ya sa kike korar min masu saye?”

“Ban kore su ba. Ni dai da wani ya gaya min haka, da ban yi shekara ana ce min maƙaryaciya ba.”

“Ni na ce miki maƙaryaciya?”

“Ba ki ce ba.”

Madam ta ce ta bar wannan maganar kawai, jimla ɗaya ce, ba wanda zai mutu. Yaya ta ce za ta gwada. Ta gwada na yini guda. Da yamma wata yarinya ta sayi roba biyu, har ta kai ƙofa, Yaya ta bi ta da mataji a hannu ta gaya mata.

Ba a kore ta ba. Madam ta ce mai irin hannunta ba a korar ta, amma bakinta ba zai zauna kusa da kantar kaya ba. Aka mayar da ita can ciki wajen wankin kai, bayan labule, inda ba a sayar da komai. Doguwa ta hau kujerar gaba, tana tauna alawa tana lumshe ido har da kaɗa kai. Abin da Yaya take samu ya ragu, mun ji a tukunya. Amma tsofaffin kwastomominta sai su wuce Doguwa su ɗaga labule su ce Lallausa ce za ta yi musu, ko a kan bokiti ne. Madam tana gani, wani lokacin ta yi magana, wani lokacin ta kau da kai.

Jikin kuma, to, ga shi nan. Barcin rana ya ragu, muryarta ta dawo. Gashin ya fara tsirowa ƙanana-ƙanana kamar na jariri. Wata ranar ta tashi garau har ta tsokane ni, wata ranar sai na ja ta daga gado. An sake gwaji, an ce yanzu daidai yake, daidai na gaskiya wai. Yaya ta tambayi likitar, “To wannan gajiyar da ta rage ta wace ce?” Likita ta ce za su ci gaba da dubawa.

Jiya na same ta bayan labulen, hannu cikin kumfa, tana cuɗa kan wata tsohuwa da ta riga ta yi barci. Na ce, “Yaya, ni fa ban gane ba. Mu muka ci ko mu aka ci?”

Ta juyo kamar za ta ba ni amsa. Sai ta ce, “Rage murya, za ki tashe ta. Miƙo min tawul.”