Sunan Ɗanladi a kan injin Kawu

Jama'a, in ba ku yarda da wannan ba ku je ku tambayi Kawu Sule, in har bakinsa zai buɗu yau.

Sabuwar motarsa ce, wadda ko ledar kujeru bai cire ba. Kamfani sun ba shi garantin gyara kyauta, da sharaɗin ba mai taɓa injin sai su. Kawu ya ce Abuja, inda kamfanin yake, ta yi nisa a kan juyen baƙin mai kawai, ya kai wa Ɗanladi bakanike a unguwar Sauka Kahuta, nan Minna.

Satin nan giyar motar ta fara ƙara kamar injin markaɗe. Yau na raka shi kamfanin. Tun daga Minna har Suleja yake yi mini bita: "In sun tambaya, ba wanda ya taɓa ta."

Muna isa injiniya ya ce, "Alhaji, an taɓa buɗe ta a waje?"

Kawu ya dafe ƙirji. "Ni? Ko ruwan wanke gilashi ban bari an zuba ba."

Ni ma ina gefe ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Mutumin ya ɗaga bonet. A kan murfin injin, da farin fenti ɓaro-ɓaro: ƊANLADI SAUKA KAHUTA, ga ranar juye, har da lambar waya!

Kawu ya ce ƙila sunan wanda ya haɗa ta a Japan ne.

Injiniya ya rufe bonet a hankali, ya miƙa masa makulli. "Alhaji, ga lambar mai garantinku nan a rubuce. Ku kira shi, tunda Japan ɗin ta dawo Sauka Kahuta."