Mai Hula ta Ɗakin Ƙarshe

Kowace safiya, kafin likitoci su iso, tana ɗumama ruwan gishirin da ake jiƙa soso da shi. Ba wanda ya sa ta. Cewa take kan mutum ba tulu ba ne, balle a ɗora masa abu mai sanyi. Sannan ta ɗauko awon tela, ta auna kan majinyaci daga goshi zuwa ƙeya, ta sa masa hular nan mai wayoyi. Lantarkin da ke bi ta ciki kaɗan ne, ba yanka, ba allura, sai ɗan ƙaiƙayi. Gwaji ake yi, a ga ko zai taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe abin da ya wuce. Shi ya sa ake ce mata Mai Hula.

Mijina na kai mata, bayan hatsarin babur ya bar shi da manta abin da aka faɗa masa ɗazu. Ranar farko ya ƙi zama. Sai ta manna soson a goshinta, ta kunna lantarkin.

"Maigida, ka ga na kama da wuta? Zauna mana, ai kai ko gashin ƙonewa ba ka da shi."

Ni damuwata ɗaya, 'yarmu da ta fara tafiya. Ranar da aka nuna mini layukan da ke kan allon kwamfuta sun canja, na ja Mai Hula gefe.

"Anti, yanzu zan iya bar masa yarinyar?"

"Ƙanwata, allo motsin ƙwaƙwalwa yake nunawa, bai san 'yarki ba. Bar masa ita a baranda, ki je ki sayo ruwa. Idona na kansu."

Na tafi ina waiwaye. Da na dawo, na tarar ya cire mata takalmin hagu, wanda na gaya masa tun safe yana matse ta. Mai Hula ba ta ce aikin hula ne ba.

"Yau dai mun gani," ta ce. "Gobe mu sake dubawa."

Mai Hula, a ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki. Ke ce ba ki taɓa yi mini alkawarin warkewa ba, ba ki kuma bar ni da tsorona ba. Na gode, Anti. Ku masu zuwa bayanta, ku ɗumama ruwan nan, ku faɗa wa iyali iyakar abin da allo ya sani.

Har yanzu ni ke kashe risho kafin in fita. Amma yarinyar, wurin babanta nake barin ta.