Yaron Damri Mai Kumburin Ƙafa

Mun tashi da asuba daga Gusau, mu huɗu: ni mai gwajin jini, da likitar yara, da wata nas, da direba. Kwana uku aka ba mu, mu zaga Talata Mafara da Bakura da Maradun, mu ɗebi jinin yaran da ake zargin tamowa ta kama, a auna wani sinadari da ake kira leptin. Kitsen jiki ne ke samar da shi. Idan yunwa ta cinye kitsen yaro sai ya ragu, in kuwa ya ragu ƙwarai, ran yaron na cikin haɗari.

Hantsi ya same mu a Talata Mafara. Muka karya da masa a bakin tasha. Direba ya cinye tasa ya miƙo hannu cikin tawa, wai shi ma nasa leptin ɗin ya yi ƙasa. Albasa da tumatir ga su nan tuli, da araha saboda noman rani, amma ƙwai da wake sun fi ƙarfin talaka. Mun wuni a asibiti muna aiki.

Washegari muka bi ta Bakura zuwa Damri. Hanyar ta girgiza mu, ni kuwa ina rungume da akwatin ƙanƙarar da muke adana jini kamar jariri. Can wata tsohuwa ta zo inda muke duba yara, rakiyar maƙwabciyarta, goye da jikanta ɗan shekara biyu. Kumatunsa cike, ƙafafunsa suntuma-suntuma, sai dai gashinsa ya yi ja, kuma ko kuka ba ya yi.

Bayan doguwar gaisuwa likita ta ce, "Inna, sauko mana da shi mu gani."

"Wanga? Lahiyatai lau, ɗiyata. Ba ki ga ƙiba ba? Tun da uwatai ta rasu nike dama mishi kunu."

Likita ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa, ta ɗaga. Ramin ya tsaya, bai cike ba. Ta ce, "Inna, ruwa ne, ba ƙiba ba." Tsohuwar ta daɗe tana kallon ramin. Sai ta sa nata yatsan a ɗaya ƙafar, ta ga haka nan. Ba ta yi gardama ba, ta ce a jira ta ta ɗauko zanenta. Na ɗebi jininsa, muka matsa mata wuri a mota, muka kai su asibitin Talata Mafara kafin la'asar, don ba a son yamma ta riski mutum a wannan hanya.

Rana ta uku muka yi Maradun, ta gefen madatsar Bakolori, shinkafa kore shar hagu da dama. A dawowa muka leƙa tsohuwar da jikanta a asibiti. Yaron ya fara karɓar madarar asibiti, har ya ture hannun nas da fushi. Likita ta ce wannan fushin shi muke nema.

Mun iso Gusau lafiya. Sakamako ya fito bayan makonni, leptin ɗin yaron ya kusan ƙarewa. A lokacin tuni an sallame shi yana tafiya da ƙafarsa. Na koyi cewa gwajin da nake yi yana faɗin gaskiya, amma yana faɗinta a makare. Da shi muka tsaya jira, da takardar sakamakon ce kawai za ta iso Damri, ta tarar yaron ya rasu.