Jakin Baba Mamman a layin mai

Ban taɓa mantawa da ranar da na ba jaki fetur ba. Ku sababbin ma'aikata kun ji ana ce mini Sani Kar-a-ce, kuna dariya ba ku san mafari ba. To ga shi.

Lokacin ina ba da mai a wani gidan mai da ke bakin titin Bungudu, a shekarar da gwamnati ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro. Ga wanda bai san aikinmu ba, manaja ne a sama, sai mai karɓar kuɗi, sai mu masu riƙe famfo. In aka karya doka, wanda famfo ke hannunsa ake fara kamawa, sannan a rufe gidan. Akwai kuma kwamitin sa ido da ke zuwa daga Gusau ba sanarwa. Ni da iyakar karatuna firamare, ba ni da wani aikin da zan koma, sai na riƙe dokar tamkar alwala. Ko jarkar ruwan sha na gani a harabarmu sai na ce a fita da ita.

Wata Talata da hantsi, da rani, sai ga Baba Mamman daga Nahuce, dattijo mai noman albasa a fadama. Injin ban-ruwansa da fetur yake aiki, albasar kuma ta kwana biyu ba ta sha ba. Ya miƙo jarka, na ja da baya.

"Baba, ka yi haƙuri. Sai a tanki."

"Tankin mi?"

"Tankin inji."

Ya dube ni, ya dubi famfo, ya juya ya tafi. Raina bai so ba, don na san in albasa ta yi yaushi a wannan matakin, wahalar shekara ta tafi.

Bayan azahar ya dawo yana jan jaki. A bayan jakin an ɗaure injin ban-ruwan da igiya, har da tiyonsa yana lilo.

"Ga inji, ga tanki, ɗan nan. Mi ya rage?"

Manaja ya tafi Tsafe ɗaurin aure, wayarsa ba ta shiga. Na yi ta juya maganar: tanki ne, amma ba na mota ba. Kar a ce na bambanta shi da sauran mutane, sai na ce ya bi layi. Baba ya ja jakinsa ya tsaya tsakanin wata motar haya da mai ɗaukar itace. Da layi ya zo kansa jakin ya ɓarke da kuka. Abokin aikina Lawali ya ɗaga murya: "Sani, doka ta ce ba a ba mota mai tana kunne! Ka ce ya kashe ta!" Direbobi suka kwashe da dariya.

Na sa bakin famfo ke nan sai ga motar kwamiti. Shugabansu ya sauko, ya zagaya jakin a hankali, hannaye a baya. Ni na riga na fara tunanin wanda zai kai wa iyalina labari.

"Baba, ina lambar wannan mota?"

"Ranka ya daɗe, ba a yi mata ba tukuna. Amma birkinta ya fi naku."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya leƙa tankin, ya ce mini, "Cika masa. Ni ma janareton gidana a bayan mota nake kawo shi." Na tambaye shi ko zai maimaita a gaban shaidu, kar a ce. Daga nan sunan ya bi ni.

Abin da ban sani ba a lokacin, tankin injin ƙarami ne, ba ya kai yini. Haka Baba ya riƙa kwance inji, ya ɗora, ya zo, ya koma ya ɗaura, har damina ta kusa. Jakin ya saba har shi ke shiga layi da kansa.

Da aka cire albasa ya kawo mini ƙulli guda, ƙanana kamar goro. Ya ce, "Rabin ruwansu a hanya ya ƙare." Na ce ba zan karɓa ba, kar a ce cin hanci ne. Ya ce, "To ba ni na ba ka ba, jakin ne."

Abin da na koya ke nan a wannan aiki: doka a ofis ake yin ta, kuma da dalilinta, amma nauyinta wani ke ɗauka a baya, sau da yawa wanda ba a yi ta dominsa ba. Ku bi ta, amma ku riƙa duban wanda ke tsaye a gabanku. Albasar dai na karɓa, sai da na sa Lawali ya tsaya shaida.