Kati biyar a gwangwanin yaji

Ɗana na biyu ya yi karatun lissafi har gemu ya fito masa, ni kuwa ban taɓa leƙa aji ba. Duk da haka ni na ƙwaci ragona daga hannunsa.

Saura kwana goma Layya. Wata bakwai ina ɗura wa ragon nan dusa da harawa. Bayan la'asar ɗan nawa ya baje tabarma a zaure, shi da abokinsa, wani mahauci ɗan unguwar Farcha, suna wata karta da suke ce wa foka. Na yi faɗan cacar nan har bakina ya gaji. Ina tankaɗe daga ciki sai na ji ya ce, "Na sa ragon Inna."

Na ajiye rariya na fito. "Ragon wa?"

"Inna, kwantar da hankalinki. Shi raguna uku ya sa. Ina da kati huɗu masu jar zuciya, ɗaya nake jira. Tara irinsu sun rage a cikin kartar, kuma sau biyu za a buɗe. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Lissafi ya ce in shiga."

Mahaucin ya yi dariya. "Hajiya, bar shi, ai malami ne."

Tara! Ni na san ba tara ba ne. Tun watan jiya nake zare katin nan ɗaya-ɗaya ina kwasar yaji da su, ina ƙulla wa masu kai mini kasuwar Dembe. Jajayen nake zaɓa, don barkono ba ya nunawa a jikinsu. In ɗaya ya yi laushi in ɗauko wani. Su kuwa ba sa raba katin duka, balle su lura.

Na shiga madafa na ɗauko gwangwani, na zazzage musu biyar a kan tabarma, duk masu zuciya. Mahaucin ya yi atishawa sau uku, ya kife nasa katin.

Ya ce da guntun Larabcinsa, "Kalas, ya akhuy, shi ke nan ɗan'uwa, karta ba ta cika ba. Wasa ya ɓaci."

Ɗana ya ɗaga ɗaya yana kaɗe yajin. Ba kunya, ba godiya. Wai, "Inna, kin ɓata mini lissafi."

"Kai da ka iya lissafi, ka taɓa ƙirga abin da ke hannunka kafin ka sa abin da ba naka ba?"

Na kwance ragona na ɗaure shi a ƙofar ɗakina. Ranar Layya mahaucin nan ne ya zo ya feɗe mini shi. Shi kuwa malamin, da nama a bakinsa, yana nan yana yi mini bayanin wai da katin sun cika, da hujjarsa ta tsaya.