Gwiwar Na'Allah

Abu Wakili mahauci ne ɗan mahauci. A Gatawa aka haife shi, nan aka binne shi, kuma iyakar tafiyarsa a duniya kasuwar Shinkafi. Wakilin Sarkin Pawa ne, shi ya sa sunan ya bi shi. Sai dai ba da nama aka san shi ba, da ido aka san shi. Shekara ashirin da 'yan kai shi ne alƙalin dambe a ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa.

Shi kansa ya taɓa naɗe hannu da ƙuruciya. Kaka ɗaya ya yi, aka kashe shi sau uku, mahaifinsa ya ce ya dawo ya riƙe wuƙa tun haƙoransa na nan. Ya dawo, amma bai bar bakin fage ba.

A dambe, da zarar gwiwa ko tafin hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, kuma a nan gardama take tashi. Abu ya samo mata magani. Kafin wasa yakan sa a shimfiɗa yashin gulbi a fage, sannan ya durƙusa ya shafa wa kowane ɗan dambe kitse a gwiwa. Wanda ya taɓa ƙasa, yashi zai kama shi.

"Wakili, raba mu za ka yi ko gasa mu?" haka 'yan dambe suke tsokanarsa.

"Tsaya dai, ɗan nema," yakan ce. "Wa ka cin namanka, duk jijiya?"

Tun da ya fara haka ba a ƙara jayayya da hukuncinsa ba. Ya ji daɗin wannan fiye da yadda yake nunawa.

A 1973 ruwa ya ɗauke gero bai ko fidda kai ba. Da fari nama ya yi yawa, don makiyaya suna ta kawo shanun da ba su iya tashi. Daga baya aka rasa ko akuya. Ba kaka, saboda haka ba dambe. Gidaje da yawa 'ya'yan anza na daji, masu ɗaci, ake jiƙawa a ci.

Ana cikin haka wani falke daga Isa ya sauka garin da kaya, mutum mai son kallo. Ya ajiye buhun gero guda a bakin fage ya ce na wanda ya yi kisa ne. Ya ƙara da sharaɗi: ba zancen turmi uku a raba kamar yadda aka saba. A yi ta yi sai wani ya faɗi.

Mutum biyu suka fito: Ɗan'auta na Kamarawa, da Na'Allah, ɗan Gatawa, wanda ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Abu ya kankaro ɗan kitsen da ya rage a gindin ƙwarya, matarsa Hajo tana bin ƙwaryar da ido, tana cewa da miya ya fi dacewa.

Da la'asar ya durƙusa gaban Na'Allah. Da ya kama ƙafar sai ya ji ta yi taushi. Ya danna ƙaurin da yatsa, wurin ya loɓa, bai taso ba. Ya ga irin wannan kumburin a ƙafafun mutanen da aka binne a watan.

"Na'Allah," ya ce a hankali, "kwance hannunka. Ba ka da jikin dambe yau."

"In kwance in ce ma matata Kande mi, Baba Wakili? Ɗiya huɗu na baro gida suna jiran wanga buhu."

"Za ni ce ni na hana ka."

"Shafa kitsenka dai."

Turmi na fari, na biyu, na uku. Na'Allah yana shan naushi yana tangaɗi, sai makaɗi ya saki takensa, ya sake miƙewa. A na huɗu jini ya fara fito masa ta kunne. Ɗan'auta kansa ya juyo ya dubi Abu, amma shi ma yana da masu jira a Kamarawa, bai iya kwancewa. Abu kuwa ba shi da ikon raba su. Falke ya ce sai kisa, jama'a sun shaida. Ya duba ko'ina bai ga ƙofa ba. In aka kai turmi na shida, ya tabbata gawa za a ɗauka.

A na biyar Ɗan'auta ya same shi a wuya. Gwiwar Na'Allah ta hagu ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta tsaya. Abu ya ga hasken rana tsakaninta da yashi, kamar faɗin yatsa biyu. Ya faɗa tsakaninsu ya ɗaga hannu.

"Kisa!"

Na'Allah ya miƙe da ƙyar ya ɗaga ƙafar. Gwiwar tana ƙyalli, ko ƙwayar yashi babu.

"Jama'a, ku duba! Baba Wakili, duba kitsenka!"

Kowa ya duba, ban da Abu. Hukuncin alƙali ba ya dawowa. Aka ɗora buhu a jaki, ya nufi Kamarawa.

Bayan kwana tara Na'Allah ya kwashi iyalinsa ya yi kudu. A gari aka ce an auna wa Wakili gero a ɓoye. Hajo ta ce da haka ne, ai da ta gani a tukunya. Da damina ta dawo aka ci gaba da kiransa alƙalanci, don ba wani, amma yanzu in ya ce kisa sai mutane su ruga su duba gwiwa da kansu.

Shekara bakwai Na'Allah ya yi bai dawo ba. Ya dawo da 'ya'ya uku. Autarsu, Tani, a hanya aka binne ta tun tafiyar farko.

Daga nan kowace ranar kasuwa sai ya zo gaban rumfar Abu, ya naɗe ƙafar wando ta hagu, ya tsaya jim, ya sauke, ya wuce. Ba sallama, ba zagi. Abu ya sha shirya magana ta maƙale. In ya ce kuskure ya yi, ƙarya ta biyu ke nan. In ya ce tausayinsa ya ji, ya tozarta ɗan damben da ba a taɓa kayarwa ba. Ga Tani kuma, wadda buhun nan wataƙila da ya riƙe ta. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da yanka.

Fari ya dawo a 1984. Wata ranar kasuwa da hantsi, rumfa ba nama sai ƙudaje, Na'Allah ya zo. Bai taɓa wandonsa ba. Ya zauna a kan turmin da ke gefe.

"Baba Wakili, ta taɓa?"

"Ba ta taɓa ba."

"Ka gani sarai?"

"Yatsa biyu ya rage."

Abu ya buɗe baki zai ci gaba, Na'Allah ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka hwaɗi. Na san abin da ka ji ga ƙahwata ran nan. Ɗiyana maza sun girma, ba ni son su ji an ce ubansu tausai nai anka ji cikin hwage. Ka tashi ka ce ma mutane idonka ya gaza."

"Idona bai taɓa gazawa ba, Na'Allah."

"Na sani. Shi ɗai gare ka da za ka ba ni."

Abu ya dafa gungumen sara ya miƙe. Mutanen kasuwar ba su da yawa, amma sun isa shaida. Ya ce musu tun a wancan farin ganinsa ya raunana, ya ga abin da bai faru ba, Na'Allah bai taɓa faɗuwa a fage ba. Wani daga rumfar gishiri ya ce ai da ma sun sani.

Bai ƙara alƙalanci ba, don ba mai kiran alƙalin da ya ce ba ya gani. Ya yi shekara shida bayan haka. Har ya rasu yana zura wa Hajo zare a allura, amma sai ya shiga ɗaki ya saki labule tukuna.