Taura Biyu a Bakin Mai Jita

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ban ga alamar zai iya kwashe makonnin nan da na yi ina zaman ɗar-ɗar saboda waƙa ba. Ni da ban taɓa taka gidan rawa ba, sai ga ni a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, hankalina a tashe, don wani Bature mai jita ya sa ni a bakinsa.

Sana'ata kwashe kaya ce. In mutum zai tashi daga wannan gida zuwa wancan, ni da yaran aikina mu zo da babbar motata mai ruwan ɗorawa, mu naɗe kujeru, mu ɗaure gadaje, mu kai mu sauke. Aikin nan ba ƙarfi kaɗai yake so ba, suna yake so. Mai gida a unguwar masu kuɗi irin Irving Park ba zai buɗe wa baƙuwar fuska ɗakin kwanansa ba sai maƙwabciyarsa ta ce masa ai mutumin kirki ne. Da bakin mutane na gina sana'ar, na kuma san bakin mutane ya isa ya rushe ta.

Cikin waɗanda suka yi mini aiki akwai wani dogon Bature ɗan wajen ƙauyen McLeansville, mai jan gemu, ya haura talatin a lokacin. Ƙarfi gare shi, kuma hannunsa ba ya taɓa abin wani, wannan kam zan shaide shi ko a gaban alƙali. Ciwonsa ɗaya ne, waƙa. Irin ta kantiri ɗin nan da muke ji a rediyo tun muna gida, jita da murya ta hanci, ana kukan gona da tsohuwar mota da matar da ta tafi. Shi yake tsara abinsa, shi yake rerawa. Duk ƙarshen mako ya tafi wani gari ya yi wa kujeru waƙa, don da bakinsa ya ce mini wani lokaci ma'aikatan wurin sun fi masu sauraro yawa. Litinin ya zo ido jajir yana hamma. Na yi haƙuri har na gaji. Ranar da ya bar mu tsaye da kayan wata tsohuwa a bakin titi, wai motarsa ta mutu a hanyar dawowa daga Nashville, garin mawaƙan kantiri, na ce ya isa haka. Na ja shi gefe na ce masa a garinmu ana cewa taura biyu ba ta taunuwa. Na yi ta kokawa da Turancina ina bayyana masa cewa taura 'yar itace ce mai ƙaton ƙwallo, in ka cusa biyu a baki ba ka tauna ko ɗaya. Nufina ya jingine jitar nan ya kama aiki kamar mai iyali. Ya ce ya gode, ya miƙo mini makullin motar aiki, ya tafi. Tun daga ranar ban sake sa shi a ido ba, kuma gaskiya ban yi kewarsa ba sai in za a ɗaga firiji.

Shekaru suka shuɗe. Rannan muna sauke kaya a wani gida a Irving Park, sai matar gidan ta tsaya tana kallona da wani irin murmushi da bai kwanta mini ba. Ta ce, "Kai ne mutumin cikin waƙar nan, ko?" Na ce wace waƙa? Ta ce sun je wani taro ita da mijinta, wani mawaƙi ya yi waƙa a kan ubangidansa ɗan Afirka mai kwashe kaya da ya kore shi daga aiki. Ta ce wai kowa sai da ya yi dariya. Na tambaye ta ko ya kama suna. Ta ce a'a, amma 'yan Afirka nawa ne masu mota mai ruwan ɗorawa a garin nan?

Na ajiye akwatin da ke hannuna. Ku da kuka san gida kun san abin da na hango. A wurinmu in mawaƙi ya sa ka a waƙa, ko dai yabo ne ya zo neman tukuici, ko kuwa zambo ne saboda ka ɓata masa. Ni kuwa a wurinsa korarsa na yi, to wane yabo? Ina yaro na ga abin da zambo ya yi wa wani kawuna mai sayar da hatsi. Ya hana wani makaɗi kyauta a gidan biki, makaɗin ya laƙaba masa wani suna da ba zan maimaita ba. Yara suka ɗauka, mata suka kai bakin turmi, har ya koma ga Allah in ba ka faɗi sunan nan ba ba a gane wa kake nufi.

Da na koma gida na sa babbar 'yata, wadda ke jami'a a lokacin, ta bincika mini a waya. Waƙar ba ta fito ba tukuna, sai wani guntun bidiyo da wani ya ɗauka daga can baya, hayaniya ta cinye rabin maganar. Amma na ga jan gemun, na kuma ji da kunnena ya lanƙwasa murya yana kwaikwayon Turancina, ya ce "tawra", jama'a suka kwashe da dariya suna maimaitawa.

'Yata ta ce, "Baba, relax. It's cute." Wai in kwantar da hankalina, abin sha'awa ne.

Na ce, "Cute ɗin me? Ana yi wa ubanki dariya a bainar jama'a kina ce mini cute?"

Daga nan komai ya zama shaida a wurina. Kwastoma ya ɗage rana, na ce ya ji waƙar. Waya ta yi shiru da safe, na ce ai dama. Mai sayar da mai ya yi mini murmushi, na dinga juya abin a rai har na isa gida. Ko yarana in na ga sun haɗa kai a bayan mota sai in ɗauka amshin suke bita. Wani Alhaji da muke salla tare ya ƙara wa wutar fetur, ya ce, "Malam, ka nemi lauya. Ƙasar nan ko harararka aka yi kana iya suing, ka kai mutum kotu." Har na karɓi lambar wani lauya a wurinsa. Matata ce ta tare ni. Ta ce, "Alhaji, tun yaushe ake kai mawaƙi kotu? Riga ake ba shi ya yi shiru."

Na ɗauko wata babbar riga ta shadda da ban taɓa sawa ba, na yi cigiya har na gano yana haya a wani ɗan ɗaki bayan gidan wani manomi a ƙauyen Pleasant Garden. Na same shi yana gyaran shinge, gemun ya fara furfura, ya rame. Yana ganina ya jefar da guduma ya rungume ni yana "Boss! Boss!" Na ce a raina, haka suke, mai zambo ai ya fi kowa iya gaisuwa. Na miƙa masa rigar. Ya zura ta a kan wandon jins ɗinsa, ya dinga juyi yana ɗaga hannuwa kamar yaro ranar Sallah. Na bari ya gama, sannan na ce, "To yanzu maganar waƙa ta mutu ke nan."

Ya tsaya bai gane ba. Na fito masa a mutum. Na ce na san ya sa ni a waƙa, na san ana yi mini dariya, sana'ata kuwa da suna take ci. Na ambaci lauya, don ya san ba da wasa na zo ba. Fuskarsa ta sauya. Ya zauna a kan wani kututture da rigata a jikinsa, ya ce bayan duk shekarun nan da ya yi yana ƙwanƙwasa ƙofofi, sai bana wani ƙaramin kamfani a Nashville ya yarda ya fitar masa da waƙoƙinsa, kuma saboda wannan waƙar suka yarda. Ya ce, "Boss, in ka ce in binne ta zan binne ta, ba sai da lauya ba. Amma ka ji ta sau ɗaya. Bari in ɗauko jita."

Na ce a'a. Ni zai yi wa wayo? Ya rera mini mai daɗi a tsakar gida, ya je gaban jama'a ya rera ta gaske? Ya ce to ranar Asabar da yamma zai yi wasa a wani bikin manoma a fili, in zo in ji. Na ce ina da aiki ranar, ba zan samu zuwa ba. Ƙarya nake yi, so nake in kama shi bai shirya mini ba.

Ranar Asabar bayan la'asar na sa hular hana sallah da baƙin tabarau, na ja 'yata ta yi mini tafinta, don Turancin mutanen nan in suka ja shi a waƙa sai ka ce ana jan ƙaro. Muka laɓe can baya kusa da masu gasa masara. Fili ne, an jera dammunan ciyawa ana zama a kai, tsofaffi da jikokinsu. Da ya fito sai na ƙura masa ido. Rigata ce a jikinsa, ga malafar kaboyi a ka. Na ce wa 'yata, "Kin gani? Da hannuna na ba shi kayan yi mini shaƙiyanci."

Ya yi waƙoƙi biyu ko uku da ba su dame ni ba, sannan ya shiga tawa. 'Yata ta kanga baki a kunnena tana juya mini. Baitin farko kamar yadda na zata: mota mai ruwan ɗorawa, ubangida mai faɗa, da taura biyu. Aka yi dariya, na ji kunnuwana sun ɗau zafi, na fara tsara abin da zan faɗa wa lauya. Sai baiti na biyu ya zo, dariyar ta ɗauke. Ya ce ubangidansa ya ce ya tofar da ɗaya, shi kuma ya tofar da wadda ke ciyar da gidansa. Ya ce matarsa ta kwashi yara ta koma wurin uwarta, kuma bai ga laifinta ba. Ya ce ya kwana a mota cikin sanyi, ya jinginar da jitar ya fanso ta, ya yi waƙa a wuraren da mai shara kaɗai ke ji. Duk zagin da ke cikin waƙar kansa yake yi wa. Ban taɓa jin mawaƙi ya yi wa kansa zambo ba sai ranar.

Duk da haka ban saki jiki ba. Na ce ai sara na ƙarshe ake ajiye wa mutum. Ya sassauta jitar ya shiga baitin ƙarshe, sai na ji 'yata ta yi shiru. Na zungure ta na ce, "Faɗi mana, ko zagi ne faɗi." Na juyo na ga hawaye a fuskarta. Da ƙyar ta ce, "Baba, he's talking about your salla."

Cewa ya yi duk ranar da ya so ya haƙura da waƙa, sai ya tuna mutumin nan da ke tsayar da mota a gefen hanya, ya shimfiɗa kwalin kaya, ya fuskanci gabas, ko ana ruwa ko ana zafi, motoci na wucewa, ba mai kallo, ba mai tafa masa. Ya ce a wurinsa ya koyi cewa mutum na iya tsayawa a kan abin da ya yarda da shi ko da ba kowa a wurin.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne a'uzubillahi, ina salla ina jita. Amma na gane abin da yake nufi, kuma ya shige ni. Ni duk shekarun nan na ɗauka in na tsaya salla yana zaune a mota ne yana jin haushin ɓata lokaci. Kunya ta kama ni, ta gaske, har na rasa inda zan sa fuskata, na gode Allah da tabarau.

Da aka tashi na ratsa mutane na same shi yana naɗe wayoyi. Ya gan ni ya tsaya cak, jira yake ya ji hukunci. Na ce masa waƙa ta zauna, amma da sharaɗi ɗaya: ba "tawra" ake cewa ba kamar mai ciwon haƙori, ya buɗe baki ya faɗe ta daidai. Ya yi dariya har da share ido da hannun rigar, muka tsaya a nan ina koya masa har ya kusa iyawa.

Waƙoƙin sun fito daga baya. Bai zama irin waɗanda ake cika filin ƙwallo dominsu ba, matarsa ma ba ta dawo ba, amma yau da jitar nan yake ci yake sha, yake biya wa yaransa buƙata, kuma in ya yi wasa mutane ne a kan kujerun. Sana'ata ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Har yanzu in na tuna yadda na tsaya a tsakar gidan nan ina yi wa mutum barazana da lauya a kan abu ɗaya tak da ya rage masa a duniya, sai jikina ya yi sanyi. Da ya ji tsoro ya binne ta a ranar, da na koma gida ina murna na tsare mutuncina, ban san shaidar alheri mafi girma da aka taɓa yi mini na kashe da hannuna ba. Abin da na koya ke nan: kafin ka rufe wa mutum baki, ka bari ya kai ƙarshen maganarsa.